Ɗanliti da Kifayen da Suka Ci Tuwon Suna

Duk Ruwan Godiya babu wanda bai san Ɗanliti Mai Kifi ba. Ko jaririn da aka haifa jiya ka tambaya, zai nuna maka gidan da ƙafa. Gajere ne, baƙi, ga kunnuwa kamar faifai, in iska ta taso yana bisa keke ba ya buƙatar taka feda. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri guda. Shi ne ya kwance fitilar mahaifinsu don ya ga inda hasken yake kwana, shi ne kuma ya ɗinka wa kaza takalmi saboda zafin ƙasa. An kai shi boko a Faskari, bai daɗe ba malamin ya rako shi har bakin hanya yana sa masa albarka, don dai kada ya dawo.

Da kuɗin mai suka faso ƙasa, samarin garin suka watse. Wannan ya yi Kaduna, wancan ya yi Ikko. Ɗanliti ya bi wata babbar mota zuwa inda ake gina madatsar ruwa, ya shiga lebura. Da aka tashi dawowa gida, kowa da abin da ya riƙo: rediyo, agogo, wando mai faɗin ƙafa wanda ke share hanya kyauta. Shi kuwa gwanin naku sai ga shi da buhunan siminti da tsofaffin durom da aka raba biyu. Matarsa Barakatu ta leƙa bayansa ko akwai sauran kaya, ta ga babu, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya.

Abin da ya gani a can shi ya hana shi sukuni. Kukun ma'aikata yana ajiye kifi a cikin wani tanki, in ruwan ya yi datti sai ya kwarara shi a gindin alayyafo. Alayyafon nan, in ji Ɗanliti, sai da tsani ake tsinkarsa. To shi sai ya yi tunani: ruwan kifi taki ne, amma a garinsu ruwa ba abin zubarwa ba ne. Me zai hana ruwan ya ratsa ta gindin ganye, ganye ya tsotse dattin, ruwan ya komo wa kifi?

Wuri kawai ya rasa. Akwai wani kango a ƙuryar gidansu, inda ɗakin kakarsu ya rushe, amma tun rasuwar mahaifinsu gidan yana hannun yayansa, Alhaji Mati. Shi kuwa Alhaji ya sayar da auduga ya yi nauyi, ya riga ya sa ido a kangon nan zai kafa turken bijimi.

Ɗanliti ya durƙusa a zaure ya yi bayani. Alhaji ya saurara yana tauna goro.

"Kifi," in ji Alhaji. "Cikin gida."

"Da alayyafo, Yaya Alhaji. Da tumatir. Babu ƙasa, tsakuwa kawai."

"Tsakuwa. Halan rana ta buge ka a wurin aikin nan?"

Da maganar ta mutu a nan, sai dai Gwaggo Kulu tana zaune. Ƙanwar mahaifinsu ce, ita ce ta ƙarshe a dangi da ta fara salla, kuma har lokacin in ranta ya ɓaci takan manta ta rantse da Uwar Gona. Ta goya su duka biyun, saboda haka babu mai ɗaga mata murya.

"Mati, ba yaron ga kangon ya gwada," ta ce. "Mi zai ci maka?"

Alhaji ya yanke. "To. Daga yau zuwa saukar ruwan fari. In ruwa ya sauka da kifi mai rai a ciki, kango nashi ne har abada. Ranar da kifin ya ƙare kau, ko da ana gobe ruwa zai sauka, a ranar zan kafa turkena. Gwaggo, ke ce shaida."

Ɗanliti ya san abin da wannan ke nufi. Gonar gado tana hannun Alhaji, shi ɗan yanki ne kawai nasa. In kangon ya kuɓuce, babu abin da ya rage masa sai ya sake hawa bayan mota ya koma ɗaukar kankare a kai.

Ya gina tanki da siminti, zurfinsa zuwa ƙugu. Ya jera rabin durom ɗin a bisa dakali, sama da bakin tankin, ya cika su da tsakuwar rafi wadda ya wanke kamar zai dafa. Kowane ya huda masa gindi ya sa gora, bakin gorar yana kallon tanki. Ya je wajen masunta ta gefen Ƙanƙara ya samo 'yan tarwaɗa da karfasa, ya ɗauro su cikin tulu a bayan keke, yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya. Ya dasa alayyafo da latas da tumatir da yakuwa a cikin tsakuwar.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. Safe da yamma zai ɗebi ruwan tanki da bokiti ya zuba a durom, ruwan ya bi ta saiwoyi ya tsiyayo ta gora ya koma wa kifi. Abincinsu dusa ce da gara, ɗan kaɗan, abin da za su cinye yana tsaye. Da farko ganyen ya yi rawaya, garin ya yi dariya har wasu suka yi ciwon ciki. Can sai ya murmure. Kafin rani ya yi nisa, duk garin ya bushe ƙurmus, ƙuryar gidan Alhaji Mati kaɗai ke kore shar. Barakatu ta fara yin miyar ɗanyen ganye lokacin da kowa ke fama da kuka, ta kuma daina muryar ta'aziyya.

A nan ne bakin Ɗanliti ya buɗe. Duk matar da ta shigo kallo sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Waɗannan baƙina ne," yakan ce. "Ba su da tsirfa. Babu abin da ba su ci. Ka jefa masu gatari, kafin ka juya sai ƙota."

Mata suka ji, suka riƙe.

Bazara ta shigo da zafinta. Rijiyar gidan ta ja baya har sai an ƙara igiya, in guga ya fito rabi ruwa rabi laka. Alhaji ya sa aka yi mata murfi da kwaɗo, ya ce daga yau mutane da shanu kawai. Sauran gidajen unguwa ma matansu rafi suke zuwa su tona yashi, su jira ruwa ya tsattsafo. Ɗanliti bai damu sosai ba, tunda ruwansa zagayawa yake yi. Hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Kowa ya ce saura ƙiris.

Sai matar Alhaji ta haihu, namiji. Alhaji ya ce za a yi sunan da ba a taɓa yi ba. Aka yanka rago da sa, aka tuƙa tuwon dawa da na shinkafa kamar za a ciyar da lardi, miya kuwa mai yana iyo a kanta. Jama'a suka zo daga Faskari da 'Yargoje da ko'ina. Da la'asar Alhaji ya ce wa Ɗanliti ya raka surukai Sabuwa da kayansu. Motar da suka shiga ta lalace a hanya, bai shigo gida ba sai da aka yi shirin kwanciya, ya faɗi a tabarma ko takalmi bai cire ba.

Abin da bai sani ba shi ne, da baƙi suka watse, tuwo ya ragu tuli, zafi kuma ya fara tsamar da shi. An aika wa maƙwabta har sun ce ya isa. An ba kaji har sun juya baya. Awaki kuwa Alhaji ya hana, ya ce kumburi za su yi. Wata ta ce a kai juji, Gwaggo Kulu ta dafe ƙirji. A wurinta hatsi ba ya taɓa juji. Wanda ya zubar da tuwo, rumbunsa zai yi masa yaji, haka ta taras, haka za ta bari.

"Ina baƙin Liti?" ta ce. "Ba ya ce babu abin da ba su ci ba? Su ma a ba su nasu na suna."

Kowace mace ta ɗauki akushinta ta nufi ƙurya, da zuciya ɗaya, har da bismilla.

Da aka idar da asuba Ɗanliti ya ɗauki bokiti yana hamma. Warin ne ya fara tarbarsa. Ya ƙarasa da gudu. Ruwan ya koma fari-fari kamar kunun da ya kwana, mai ya shimfiɗu a sama, curin tuwo na yawo. Karfasa duk sun juya ciki sama. Tarwaɗa kuwa sun miƙe tsaye a cikin ruwan, baki a sama, suna buɗewa suna rufewa, gashin bakinsu ya kwanta. Ya ɗebi bokiti guda ya zuba a durom, ruwan ya tsaya cik a kan tsakuwa, tuwo ya toshe ta.

Ruwa sabo, shi kaɗai ne magani, kuma kafin rana ta ɗaga. Ya ruga rijiya, kwaɗo na rataye. Ya ruga zaure.

"Yaya Alhaji, makulli. Don Allah. Kifina na mutuwa."

Alhaji ya ajiye carbi. "Mi ya same su?"

"Tuwo aka zuba masu."

"To ba ka ce gatari ma suna ci ba?"

"Yaya, don girman Allah."

Alhaji ya tashi, ya kai shi bakin rijiyar da kansa, ya buɗe. "Leƙa." Ɗanliti ya leƙa. Can ƙasa ɗan ruwa ne yake ƙyalli, bai fi faɗin tire ba. Taron jiya ya shanye ta.

"Mai jego ba ta yi wanka ba," in ji Alhaji. "Shanu ba su sha ba. Kai ka faɗa mani, ruwan wankan jego zan ba kifi?"

Ɗanliti ya buɗe baki, ya rufe, kamar tarwaɗarsa. Alhaji ya mayar da kwaɗo, ya shiga rumfa, ya fito da turke sabon sassaƙa da guduma. Ya bi bayan ƙanensa har ƙurya, ya jingine turken a katanga, ya zauna a bisa turmi.

"Ba mugunta ba ce, Ɗanliti. Magana ce muka yi. Ina nan zaune har na ƙarshe ya juya."

Ɗanliti ya tuɓe riga ya faɗa tankin. Yana tsame matattun karfasa yana jefawa waje, yana kwashe tuwo da rariya. Barakatu na karɓa, hawaye na zuba, don akushinta na cikin waɗanda aka juye. Rana ta fara hawa katanga. Latas ya sunkuyar da kai. Wata tarwaɗa ta yi gefe, ta miƙe, ta sake yin gefe.

Sai ga Gwaggo Kulu da sandarta, ta zo ganin yadda baƙi suka kwana.

"Liti, sun ƙoshi?"

Da wani ne da ya sha zagi har kakansa na bakwai. Amma Gwaggo ce. Ɗanliti ya durƙusa a cikin ruwan har ya kai masa wuya, ya ce, "Ina kwana, Gwaggo." Barakatu ce ta yi bayani: tuwon ya ruɓe, ya ɓata ruwan, kifin ba sa samun numfashi, rijiya kuma babu.

Tsohuwa ta dubi tulin karfasa a ƙasa, ta dubi turken, ta dubi Alhaji. "Mati, buɗe rijiya."

"Gwaggo, ki yi mani rai. Ruwan mai jego ne. Kuma ke ce shaida."

Ta san yana da gaskiya, abin da ya fi ɓata mata rai ke nan. Sai ta buga sanda a ƙasa. "Na rantse da Uwar... astagfirullahi. A gidan uban wa aka taɓa ba baƙo tuwo a hana shi ruwa?"

Ta juya ta fita, da saurin da rabon a gan ta da shi tun tana budurwa. Gida-gida ta bi, ba ta ko sallama. Duk wadda ta juye akushi jiya, ta ce, ta ɗebo ruwa daga randarta ta kai wa baƙon da ta ciyar. Wata ta ce, "Gwaggo, wanga ruwa hwa tun daga rafi na ɗauko shi a kaina." Gwaggo ta ce, "Tuwon a ƙafa kika ɗauko shi? Tahi!"

Suka fara shigowa, wannan da ƙwarya, wannan da tulu, wata da kwano ma. Ɗanliti ya sa tarwaɗan a kusurwa ya tare da zana, ya kwashe ruɓaɓɓen ruwan har ya kusa ƙasa, Barakatu na kaiwa gindin bishiya. Aka juye na randuna. Da ƙwarya ta ƙarshe ta ƙare, ruwan ko gwiwarsa bai kai ba, kuma har yanzu da sauran tsami. Tarwaɗan suka sake miƙewa tsaye, baki a sama. Biyu suka juya a gaban idon kowa.

Alhaji ya gyara zama ya jawo gudumar kusa da ƙafarsa.

"Iska suke so," in ji Ɗanliti. "In ruwa yana zubowa daga gora ba sa yin haka. Ga durom ya toshe." Ya cika bokiti ya ɗaga sama da kansa ya tsiyayo, ruwan ya faɗo yana kumfa. Ya sake. Ya sake. Hannunsa ya fara gajiya, tanki kuwa ga faɗi, bokiti guda ina zai kai?

Gwaggo ta ƙura masa ido. "Yo ashe shiƙa ce! Kai matsa, namiji ina ya iya shiƙa? Ku kewaye!"

Matan suka kewaye tankin, kowace da ƙwaryarta. Su ɗiba, su ɗaga sama, su tsiyayo a hankali, yadda suke shiƙar gero a masussuka tun suna 'yan mata. Babu mai magana, sai ƙarar ruwa. Shi kuma Ɗanliti ya hau dakali yana kwashe tsakuwa da hannu yana ɗauraye ta, durom bayan durom, har gora ta farko ta fara ɗiga. Rana ta take. Gumi ya jiƙa zannuwa. Jariri na kuka a cikin gida, kaji na ta fama da matattun karfasa, babu wanda ya kore su. Wata ta ce kafaɗarta ta mutu, Gwaggo ta ce ta binne ta gobe.

Can wajen azahar Barakatu ta tsaya da ƙwarya a sama. "Malam, ba na ganinsu."

Kowa ya tsaya. Ruwan ya lafa. Babu baki ko ɗaya a sama, babu motsi. Ruwan kuma ya gurɓace, ba a ganin ƙasa.

Alhaji ya miƙe, ya ɗauki turke ya matso ya leƙa. "Sun nutse ke nan."

"Sun koma ƙasa ne, Yaya. Mai lafiya a ƙasa yake zama."

"Matacce ma yakan fara nutsewa kafin ya taso. Ni ba ƙasa na ce ba, mai rai na ce. Nuna mani."

Ɗanliti ya watsa gara. Ta yi ta yawo a kan ruwa, babu abin da ya taɓa ta. Ya buga gefen tankin yadda ya saba kiransu. Shiru. Alhaji ya auna wuri da ido, ya dasa tsinin turken a ƙasa dab da tankin, ya ɗaga guduma.

Ɗanliti ya kwanta da ciki a bakin tankin, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Laka. Ragowar shinkafa. Wani abu mai santsi, kwance, ba ya motsi. Ya damƙe shi zai ɗago.

Ihun da ya yi, har yau mutanen Sabuwa suna cewa sun ji. Ya yi tsalle sama, tarwaɗa maƙale a hannunsa, ƙayarta ta shige masa babban yatsa. Ta fizge, ta mare shi da wutsiya a kunne, wanda dama ba wuyar samu gare shi ba, ta faɗa ruwa. Faɗuwarta ke da wuya sai ƙasan tankin ya hautsine, wasu baƙaƙen kifaye suka gilma.

Yana rawa da ƙafa ɗaya, jini na zuba, yana kuka yana dariya, ya miƙa yatsan har hancin yayansa. "Yaya Alhaji! Matacce yana suka?"

Matan suka saki guɗa. Alhaji ya dubi yatsan, ya dubi ruwan, ya sauke gudumar a hankali. Ya tuge turkensa ya saɓa a kafaɗa.

"Ruwa dai bai sauka ba tukuna," ya ce. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya bai waiwayo ba. "In mai jego ta gama, abin da ya rage a rijiya a kawo nan. Kuma a ɗaure masa hannun ga, yana ɓata mani ƙasa."

Ruwan fari ya sauka ba da jimawa ba, ya taras da tarwaɗa 'yan kaɗan, ramammu, masu baƙin hali, amma da ransu. Alhaji ya kafa turkensa a ƙofar gida, bijimin ya yi ta cin zanar maƙwabta. Ɗanliti bai sake hawa bayan motar lebura ba. Ya ƙara tanki, ya ƙara durom, ranar kasuwa yana kai ganye Faskari. Duk tsinkar fari ta alayyafo, sai an zagaya da ita gidajen da suka kawo ƙwarya, a fara da Gwaggo Kulu, wadda har ta rasu tana cewa ita ta koya masa kiwon kifi.

Yatsan bai sake miƙewa daidai ba. Shi yake nuna wa duk baƙon da ya zo, kuma kifin da ya soke shi yana ƙara girma kowace shekara, yanzu ya kusa kai jaki. Amma ko yau ka ji ana buga turmin biki a unguwar, je ka ƙuryar gidan. Za ka taras da tanki rufe da zana, an danne da duwatsu, Ɗanliti zaune a kai da sanda, yana gaida duk matar da ta gifta da akushi cikin ladabi: "Sannu, Hajiya. Sun ƙoshi."